Neman Gidan Haya Mai Wurin Ajiye Mota a Yelwan Yauri

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ina yi maka fatan alheri tare da dukkan ma'aikatan wannan mujalla. Ni ma'aikacin lafiya ne, na shekara tara ina aiki a Birnin Kebbi, yanzu kuma an yi mini canjin wurin aiki zuwa Yelwan Yauri. Ina da mata da 'ya'ya uku, ina kuma da ƙaramar mota Toyota Corolla wadda na daɗe ina tara kuɗinta kafin Allah Ya nufa na saya, kuma ita ce ƙafata, domin aikinmu yakan sa a kira mutum da tsakar dare. A cikin watan Yuni na je garin sau biyu neman gida, dillalin da aka haɗa ni da shi ya nuna mini gidaje huɗu. Biyu suna cikin tsohon gari, ɗakunansu masu kyau ne kuma da araha, amma lungunansu ko babur mai kaya da ƙyar yake wucewa. Na uku yana kusa da bakin ruwa, da fili babba a ƙofar gida inda aka ce in riƙa ajiye mota, ga iska mai daɗi, kuma shi ne matata ta fi so. Na huɗu yana sabuwar unguwa a wajen gari, cikin katanga ɗaya da wasu 'yan haya biyu, yana da get, amma kuɗinsa ya kusa ninka na sauran, ga nisa da wurin aiki. Dillalin yana matsa mini in ba da kafin alƙalami a kan na bakin ruwan, yana cewa akwai wani mai so. Malam, wanne zan ɗauka, kuma me ya kamata in duba kafin in ba da kuɗina?

Daga wani ma'aikacin lafiya, Birnin Kebbi.

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, Allah Ya sa wannan canji ya zama alheri gare ka da iyalinka, Ya kuma saka maka a kan hidimar da kake yi wa marasa lafiya. Abin da zan fara gaya maka shi ne kada ka ba da ko sisi a kan gidan bakin ruwan nan a yanzu, ko da kuwa da gaske ne akwai wani mai so, domin filin da ka gani a watan Yuni mai yiwuwa ne ba shi za ka tarar a watan Oktoba ba. Dalilin yana buƙatar bayani, saboda haka ka yi haƙuri da tsawonsa.

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a shekarar 1968, Kogin Kwara ya taru a bayanta ya zama tafki mai tsawon fiye da kilomita 130, wanda kansa na arewa ya taɓo Yelwa, kuma sai da aka tashi mutane kimanin 44,000 daga garuruwansu da tsibiransu aka sake musu matsuguni, ciki har da Gungawa da yawa na ƙasar Yauri da mutanen tsohuwar Busa. Wannan tafki yana cika yana janyewa a kowace shekara, amma lokacinsa bai zo daidai da na damina ba, kuma a nan ne baƙo yake ruɗewa. Ruwa biyu ke shigo masa. Na farko shi ne farin ruwa, mai laka, wanda ruwan saman wannan yanki da gulabe irin su Gulbin Sakkwato ke kawowa, yana fara hauhawa a watan Agusta ya kai ƙarfinsa wajen Satumba da Oktoba. Na biyu shi ne baƙin ruwa, wanda ya taso tun daga tsaunukan ƙasar Gini, ya yi watanni yana ratsa fadamun ƙasar Mali har ya sauke lakarsa a can, sannan ya iso mana da sanyin hunturu, wajen Disamba zuwa Fabrairu. Saboda haka tafkin yakan zauna a cike tun daga kaka har ƙarshen hunturu, daga nan ya riƙa ja da baya yayin da ake sakin ruwa don samar da wutar lantarki, har ya kai iyakar janyewarsa wajen Yuli da Agusta. Kai kuwa a watan Yuni ka je, wato ka ga ruwan ne a lokacin da ya kusa kai maƙurar nisansa da gari, ka ga fili shimfiɗe busasshe, zuciyarka ta kwanta.

Ban ce lalle gidan yana cikin hanyar ruwa ba, domin mutanen Yelwa sun san tafkinsu, kuma yawancin gine-ginensu suna sama da inda ruwa ya saba tsayawa. Abin da nake tsoro shi ne filin da hanyar da ke kai wa gare shi, domin su ne sukan fi gidan kwari, kuma su ne motarka za ta taka kullum. Ka kuma tuna cewa akwai shekarun da ruwa ke ƙetare iyakarsa, kamar 2012 da 2020 da 2022, lokacin da garuruwan bakin kogi a Jihar Kebbi suka sha ambaliya, aka yi asarar gonakin shinkafa da gidaje masu yawa. Hukumar NIHSA, mai lura da yanayin ruwan koguna a Najeriya, takan fitar da hasashen ambaliya kowace shekara kafin damina ta kankama, tana ambaton ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari, kuma yana da kyau ka saurara, amma hasashen hukuma ba zai gaya maka labarin ƙofar gida guda ba. Wannan sai ƙasa da bango da maƙwabta.

Idan ka koma, ka bar kallon ɗakuna tukuna, ka durƙusa ka dubi ƙasar filin. Idan baƙa ce mai tsattsagewa, to laka ce, kuma da zarar ta sha ruwa za ta riƙe tayar mota kamar danƙo. Idan ka ga burugu ko busasshiyar kainuwa ko bawon katantanwa a warwatse, ruwa ya kwana a wurin, kowa ya ce maka wani abu dabam kada ka yarda. Daga nan ka dubi gindin katanga ta waje da ta ciki, ka nemi layin danshi da ya zagaye ta a tsayi ɗaya, ko farin gishiri mai ɓarɓashi a jikin siminti, ko sabon fenti da aka shafa a ƙasan bango kawai aka bar sama da tsohon launinsa. Ka dubi dokin ƙofofin maƙwabta, idan duk an ɗaga su da bulo ɗaya ko biyu, akwai dalili. Ka leƙa rijiyar gidan ko ta kusa, domin idan ruwanta yana kusa da baki tun a farkon damina, to masai zai riƙa cika yana tumbatsa a watan Satumba, kuma wannan masifa ce da ta fi ta mota. Bayan haka ka gangara wurin masunta da masu kwale-kwale, ka yi musu sallama, ka zauna, ka tambaye su inda ruwa ya tsaya bara da bara waccan, da inda ya kawo a shekarar babban ruwa. Sarkawa da Gungawan da suka tashi a kan wannan ruwa za su nuna maka da yatsa, su ce ya zo har gindin waccan bishiya, kuma ba su da la'adar da suke jira a hannunka.

Na tsananta a kan wannan ne saboda na taɓa ɗanɗana shi. Aiki ya taɓa kai ni wani gari na bakin kogi, na kama gida da rani saboda na ga fili na ga inuwa, ban tambayi kowa ba sai wanda ya nuna mini gidan. Da damina ta nutsa, hanyar ta zama taɓo tun daga bakin titi, na yi kusan wata biyu ina barin mota a gidan mai ina biyan maigadi, ina ƙarasawa gida a ƙafa da takalmi a hannu, kuma a cikin waɗannan kwanaki ne ɗana ya yi zazzaɓi mai zafi da dare, na saɓa shi a kafaɗa cikin duhu har inda motar take. Allah Ya kiyaye, yaron ya warke, amma ban manta da daren ba, kuma ba na so wani ya ga irinsa. Kai da ake kira da tsakar dare don ceton rai, motar da ba za ta fita daga gida a watan Satumba ba ba ta da amfani gare ka. Ka kuma sani cewa ruwa mai gudu da ya kai tsayin ƙafa ɗaya yana iya ɗaga ƙaramar mota, kuma idan inji ya shaƙi ruwa ta wurin shan iska, gyaransa yakan ci kuɗin da ya fi hayar shekara. Ko ruwa bai shiga ba, motar da ke kwana a kan laka mai danshi wata da watanni tsatsa za ta ci ƙasanta da salansa da birki. Ga kuma sauro, ga tsargiya da yara ke ɗauka wajen wanka a tafki, wadda kai ka fi ni saninta. Ka zaunar da uwargida ka yi mata wannan bayani da lallashi, domin iskar da ta burge ta gaskiya ce, kuma ita ce za ta fi kowa zama a gidan.

Gidajen cikin tsohon gari kuwa ba laifinsu ba ne da ba su da wurin mota. An gina su ne a kan tsarin zaure da soro da tsakar gida, an bar lungu daidai wucewar mutum da jaki da kayansa, tun kafin mota ta zama abin da ma'aikaci ke mallaka. Irin wannan gida yana da abin da sabuwar unguwa ba ta da shi, wato jama'a, da masallaci a kusa, da maƙwabtan da za su leƙo iyalinka idan kana aikin dare. Wasu sukan kama irinsa su nemi wurin ajiye mota dabam, a harabar wani babban gida ko gidan mai ko wani wuri mai maigadi, suna biyan wani abu a wata. Ga malamin makaranta ko ɗan kasuwa da ke fita da safe ya dawo da yamma wannan dabara tana aiki sarai. Gare ka kuwa sai idan wurin bai wuce tafiyar minti biyar a ƙafa ba, kuma maigadin yana kwana a wurin, zai buɗe maka ƙarfe biyun dare ba tare da ka yi ta bugun ƙofa ba. Abin da ba zan taɓa ba ka shawararsa ba shi ne ka riƙa barin mota a bakin lungu. Ba maganar madubi da batir da ɓarayi ke cirewa kaɗai nake yi ba. Ta wannan lungu ne mai garuwa ke tura kurarsa, ta nan ake fito da mace mai naƙuda, ta nan ake fito da makara, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce mu da ba hanya haƙƙinta. Baƙon da ya fara zama a unguwa da tare wa mutane hanya ya sayi ƙiyayyar da zai daɗe bai wanke ba.

Saura na huɗu, kuma a cikin waɗanda aka nuna maka shi ne zuciyata ta fi karkata gare shi, amma da sharuɗɗa. Kasancewar gida yana da get ba ya nufin motarka za ta shiga. Ka je da motar da kanka, kada ka yarda da awon ido, ka shiga da ita ka fito, da gaba da kuma ribas. Corolla tana da tsawon kusan ƙafa 15 da faɗin kusan ƙafa 6, saboda haka tana buƙatar wuri mai kamar ƙafa 18 a tsaye da ƙafa 10 a faɗi kafin ka iya buɗe ƙofofi yara su fito ba tare da sun goga bango ba, kuma get ɗin da bai kai ƙafa 10 ba zai wahalar da kai idan hanyar gabansa matsattsiya ce. Ka dubi abin da aka ɗora a kan lambatun ƙofar gida, ko kwalbati ne na siminti da rodi, ko kuwa katako ne da ƙasa da ruwan farko zai kwashe. Ka lura ko hawan ya yi tsini har cikin mota yana gogar ƙasa, musamman idan ta ɗauki mutum biyar da buhun hatsi. Sannan ka bi hanyar tun daga kwalta har ƙofar gidan a hankali, kana neman inda ruwa ya yanka da inda ya kwanta, domin sababbin unguwanni sau da yawa gine-gine ne ke riga hanya da magudanar ruwa zuwa. Yanzu da damina ta sauka ka samu dama, ka je washegarin ruwa mai ƙarfi, gani ya kori ji.

Tunda kuma katanga ɗaya za ku zauna da wasu, akwai tambayoyin da mutane ke jin nauyin yi, daga baya su zama tushen gaba. Motoci nawa ne ke kwana a gidan, da babura nawa? Idan a jere ake ajiye su, wa ke gaba wa ke baya, kuma wa za ka tasa daga barci idan an kira ka asibiti? Ƙarfe nawa ake kulle get, kuma kowane ɗan haya yana da makullinsa ko a hannun mutum ɗaya yake? Mai gidan yana da niyyar ƙara gini a filin da ya rage? Wannan ta ƙarshe ka yi ta da babbar murya, domin filin da ake nuna wa ɗan haya a ce wurin mota ne, sau da yawa shi ne wurin da mai gida ke shirin kafa shago ko ƙarin ɗaki idan kuɗin hayar ya shigo hannunsa. Ka samu waɗancan 'yan haya biyun a bayan idon dillali ka gaisa da su, za ka ji abin da ba za a gaya maka a gabansa ba, har da batun ruwan sha, ko akwai rijiyar burtsatse ko sai an saya wurin 'yan garuwa, da batun wuta, ko kowa da mitarsa ko ta haɗaka ce, da ko akwai tsohon bashin kamfanin Kaduna Electric a kan gidan wanda za a wayi gari an yanke muku wuta saboda shi. Ka kuma je unguwar bayan sallar isha'i ka ga ko akwai mutane da haske da 'yan sintiri, domin iyalinka za su riƙa kwana su kaɗai a ranakun aikin dare. Tsadar kuwa ka lissafa ta tare da man da za ka ƙona zuwa aiki da kai yara makaranta, ka kwatanta da kuɗin gidan cikin gari haɗe da na maigadi, sannan ka san ainihin bambancin.

Ban kuma yarda cewa gidaje huɗu ne kaɗai a Yelwa ba. A ƙaramin gari gidan kirki ba ya kai wa hannun dillali sai ya rasa mai so a cikin sanayya, labarinsa a baki yake yawo. Mutumin da ya fi kowa amfani gare ka shi ne wanda za ka maye gurbinsa a wurin aiki, ko wani abokin aiki da aka yi wa canji kamar kai, domin gidan da zai bari an riga an gwada shi da mota da damina. Ka tambayi shugabannin wurin aikinka ko akwai gidajen ma'aikata da babu kowa. Ka je ka gaida mai unguwa da limamin masallacin da ke kusa da wurin aikin, ka gabatar da kanka, ka faɗi buƙatarka. Ma'aikacin lafiya baƙo ne da kowace unguwa ke son samu, kuma akwai masu gidajen da ba sa ba da haya sai ga wanda wani dattijo ya tsaya masa.

Game da kuɗi, maganar akwai wani mai so tsohuwar magana ce a bakin dillalai, wani lokaci gaskiya ce, wani lokaci kuma hanyar hana ka tunani ce, kuma a duka biyun maganinta ɗaya ne, wato kada ka biya sai ka ga mai gidan ido da ido. Idan gidan gado ne, ka san wanda magada suka wakilta, domin an sha ganin ɗan haya ya biya ɗaya daga cikinsu, wani ya zo da nasa ɗan hayar. Ka daidaita la'ada tun kafin a fara yawo, a garuruwa da yawa an saba da kashi goma cikin ɗari na kuɗin hayar, kuma a fayyace wanda zai biya. Idan za ka ba da kafin alƙalami, a rubuta ko za a mayar maka idan ciniki bai faɗa ba. Ka biya ta banki zuwa asusun mai gidan da sunansa, ka karɓi rasit.

Sai takardar yarjejeniya, wadda ita ce mutanenmu suka fi sakaci da ita saboda kunya, alhali malamanmu na fiƙihu sun sharɗanta a haya cewa a san amfanin da aka saya, a san muddarsa, a san kuɗinsa. Wurin ajiye mota yana cikin amfanin da kake saya, saboda haka a ambace shi da sunansa, a ce fili kaza da ke gabas ko yamma da get, mai tsawo kaza da faɗi kaza, na wannan ɗan haya ne har ƙarshen hayarsa, ba za a yi gini ko a tara kaya a cikinsa ba, kuma yana da makullin get nasa. Idan za ka kafa rumfar kwano saboda zafin rana, wanda a Yauri ba wasa ba ne a watannin Maris da Afrilu, a rubuta ko za ka cire abinka ranar tashi ko za a rage maka a kuɗin haya. A rubuta wanda zai gyara kwalbati idan ya karye, da tsawon sanarwar da kowane ɓangare zai bayar. A dokokin haya na yawancin jihohin Najeriya, idan ba a yi wata yarjejeniya dabam ba, mai hayar shekara-shekara yana da sanarwar wata shida, mai hayar wata-wata kuma wata ɗaya, amma abin da kuka rubuta da hannunku shi ne zai fi saurin raba gardama. Shaidu biyu su sa hannu, kuma idan mai unguwa ya zama ɗaya daga cikinsu ya fi.

Idan da hali, ka fara zuwa kai kaɗai ka kama aiki, ka sauka wurin abokin aiki ko ka kama ɗaki guda na 'yan watanni, iyali su dakata a Birnin Kebbi. Zuwa ƙarshen Oktoba ka ga ƙarfin damina ka ga hawan tafki da idonka, ka san hanyar da ke mutuwa da wadda ke rayuwa, ka kuma san mutane. Rabuwa da iyali na wata uku ko huɗu akwai wuya, kuma zai taɓa karatun yara a zangon farko, amma ya fi sauƙi a kan kuɗin shekara guda da aka biya a gidan da ba za a iya zama ba. Allah Ya zaɓa maka mafi alheri.

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ni malamar makaranta ce a Yelwa. Na biya hayar shekara a wani gida bisa alkawarin baki cewa zan riƙa ajiye motata a cikin katanga. Bayan wata huɗu, da aka yi girbi, mai gidan ya cika wurin da buhunan shinkafa, ya ce in yi haƙuri har ya sayar. Yau wata biyu ke nan motar tana kwana a waje, har an fasa mini madubi. Dattijo ne, sa'an mahaifina, ina jin nauyinsa. Yaya zan yi?

Daga wata malamar makaranta, Yelwan Yauri.

AMSA

Wa alaikumus salam. Malama, Allah Ya ba ki ladan haƙuri, kuma jin nauyin da kike yi tarbiyya ce mai kyau, amma ki sani haƙƙinki yana nan bai faɗi ba don ba a rubuta ba. Alkawarin baki alkawari ne a shari'a, wahalarsa kawai ita ce tabbatar da shi, saboda haka ki fara tuna waɗanda ke wurin lokacin da aka yi maganar, ko dillali, ko wanda ya raka ki, ko sauran 'yan haya da suka ga motarki tana kwana a ciki wata huɗu ba tare da kowa ya hana ba. Wannan zaman na wata huɗu shi kansa shaida ne mai ƙarfi.

Tunda sa'an mahaifinki ne, kada ki tunkare shi ke kaɗai da zafin rai. Ki tura maigidanki ko yayanki ko wani dattijo daga makarantarku, ya je da girmamawa ya ce, Baba, yarinyar nan ta yi haƙuri wata biyu, ga kuma ɓarnar da ta same ta, muna roƙon a sa ranar da za a kwashe kayan. Manomin da ya riƙe shinkafa yana jiran ta yi tsada yana iya kai wa damina bai sayar ba, shi ya sa kalmar har in sayar ba ta da iyaka, dole a nemi rana takamaimai. Idan ya ce ba shi da inda zai kai buhunan, to a ba shi zaɓi, ko ya matsar da su gefe guda ya jera su sama idan filin zai ɗauki duka biyun, ko ya ɗauki nauyin kuɗin maigadi a wani wuri amintacce kusa da gida, ko a rage miki kuɗin haya gwargwadon watannin da aka hana ki wurin, a cire a biya na gaba. Kuɗin madubin ki ambace shi, amma idan ya amsa sauran, ina ganin ki yafe shi don zaman lafiya.

Idan wannan bai yi ba, sai a kai maganar gaban mai unguwa, wanda irin wannan sulhu aikinsa ne na yau da kullum, kuma dattijo yakan ji kunyar a tara shi a kan buhunan shinkafa. Kotu tana nan, ta shari'ar Musulunci ko ta majistare, amma ki bar ta ta zama ta ƙarshe, domin saura wata shida ku zauna tare. Kada kuma ki taɓa kayansa ko ki sa a fitar da su da kanki, domin buhu ɗaya ya ɓace ko ya jiƙe, ke mai gaskiya za ki koma mai laifi. Duk abin da aka daidaita a kai a rubuta shi a takarda a gaban waɗanda suka yi sulhun, ki riƙe kwafi, kuma kafin hayar ta ƙare da wata uku ki tambaye shi a fili ko baɗi ma a nan zai tara shinkafar, domin ki san ko za ki sabunta ko ki fara neman wani gidan tun da sauran lokaci.